Rairayin Kalmalo a Kan Kwalta

Yaran tasha na yanzu, in sun gan ni zaune bakin faifan goro da sandunana jingine a bango, sukan ɗauka haka aka haife ni. Wani ma har yakan tsaya ya koya mini yadda ake canja giya a kan tudu, wai don in san irin wahalar da direbobi ke sha. Ni! Nakan bar shi ya gama surutunsa, in naɗe masa goronsa, in ce Allah ya kiyaye hanya. Mi zan ce masa? Lokacin da na fara riƙe sitiyari a Illela, kakarsa ko tallan fura ba ta isa ɗauka ba.

A wancan zamani waɗanda suka ga shigowar Nasara da idonsu suna nan da ƙarfinsu, kuma iyakar da aka ja tsakaninmu da Ƙonni ba ta gama shiga kan mutane ba. Raƙumi da jaki su ne motar kowa. Babbar mota kuwa, in ta taso daga Sakkwato, tun tana nesa mata ke kwashe 'ya'yansu daga hanya. Ɗaya daga cikinsu ni ke jan ta. Ta wani attajiri ce mai fataucin gyaɗa da fatu, shi ne maigidana. Na koyi aikin a Sakkwato, na sha mari da zagi a matsayin karen mota har hannuna ya faɗa.

Babana mutumin Kalmalo ne, manomi, amma ba da noma aka san shi ba. Ɗan kokawa ne. Daga Araba har ƙauyukan da ke hannun Faransa babu fagen da bai taka ba a ƙuruciyarsa, kuma ko da ya tsufa ba a buɗe fage a ƙasarmu sai an kira shi ya duba ƙasa, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ni kuwa Allah ya yi ni siriri, wuyana kamar na zabo. Tun ina ƙarami ya gane ba zan gaje shi ba, ya haƙura da wannan. Abin da bai haƙura da shi ba shi ne tuƙi. A wurinsa aikin zaune ne. Yakan ce namiji ya hau kujera, ƙarfe ya ɗauke shi ya kai shi, sannan ya sauko yana hura hanci kamar shi ya yi gudun.

Bai taɓa zagina a kai ba, da ma ya zaga da na ji sauƙi. In na je gaishe shi na ce zan tafi Sakkwato, sai ya ce, “To.” Shi ke nan. Ƙanena in zai tafi gona ma sai ya ce masa Allah ya yi albarka. Na ɗinka masa babbar riga da ladan tuƙina na farko, ya karɓa ya ba Inna ta ajiye a adaka. Wannan “to” ɗin ta fi komai ci mini rai a duniya. Abu guda nake so, ya zo ya gan ni a kan mota sau ɗaya, ya sa wa aikina albarka.

Ana nan sai Baturen hanya ya zo da gangunan kwalta, wai zai gwada ya ga ko za ta jure zafin ƙasarmu. Bai shimfiɗa ta a kan babbar hanya ba. Ya zaɓi inda motoci ke juyawa a bakin iyaka, ya zagaye rumfar kwastan da filin sauke kaya da ita, ta tafi ta karkato ta dawo inda ta faro. An tara mutane aikin tilas, suka yi ta ɗaukar marmara a ka, ana dafa baƙin abin nan yana wari har cikin gari. Da aka gama, mutane suka yi ta zuwa kallo. Wasu su taɓa da yatsa su sunsuna, wasu su ce hanyar aljannu ce. Da rana tsaka ta kama takalman mutane da dama, har da na wani dogari, aka yi ta dariya a ɓoye.

Wanda bai ja mota daga Sakkwato zuwa Illela a lokacin ba, ba zai gane abin da kwaltar nan ta yi mana ba. Hanya gargada ce tun daga ƙofar gari har ka iso, haƙoranka na karo da juna, ƙugunka na ciwo, sitiyari na fizgar hannunka kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Sai ka hau kwalta. Tsit! Ƙarar katako ta ɗauke, ta ƙarfe ta ɗauke, ba ka jin komai sai numfashin injin da wani siririn kuka na taya. Ka ɗan murza hannu, mota ta bi. Ka taka totur, ta amsa nan take. Ranar da na fara hawa, wallahi sai da na zagaya na sake zagayawa ba gaira ba dalili, kaya na bayana ba a sauke ba, maigida na tsaye yana ɗaga mini hannu.

Ba ni kaɗai na ji haka ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, motoci kan haɗu, namu na Sakkwato da wata ta Faransa da wani mutumin Ƙonni ke ja. In an sauke kaya an yi la'asar, sai a fara tsokana: wa ya fi wa? Hanyar ba ta ɗaukar mota biyu a jere, don haka ɗaya bayan ɗaya ake shiga. Agogo kuwa sai a hannun Bature. Wani tsoho mai sayar da ƙorai ya kawo dabara: ya huda ƙoƙo, ya ɗora shi a kan ruwa cikin babbar ƙwarya. Kana tashi ya saki ƙoƙon, kai ta zagayawa har ya cika ya nutse. Inda nutsewar ta same ka, nan za a aje dutse. Wanda dutsensa ya fi nisa shi ya ci.

Kafin a jima abin ya fi ƙarfinmu. Kasuwa kan watse da wuri saboda mu. Buzaye su tsaya a kan raƙumansu suna hange daga sama, matan Fulani su aje ƙoran nono su manta da su, makaɗan kokawa su zo da gangunansu suna yi wa mota kirari kamar mutum. Malaman unguwarmu sun ce wasan banza ne, kuma sun yi gaskiya, amma na lura ranar Lahadi fatun zamansu kan matso gefen da ake hango kwalta. Na taɓa tambayar wani tsohon masunci mi yake gani a ciki, tun da ko hawa mota bai taɓa yi ba. Ya ce shi dai in ta taho da gudu ta karkace a kwana, tayoyin gefe guda kamar za su bar ƙasa, sai ya ji cikinsa ya ɗaure, in ta miƙe kuma sai ya ji kamar shi aka saka. Ya ce duk mako babu lokacin da yake manta haraji da ciwon bayansa sai wannan.

Ni kuma a ciki, ban san yadda zan faɗa ba. Akwai wata kwana a bayan rumfar kwastan, mai tsanani, wadda ba a hango ta daga wurin tashi. Nan ake cin mutum, nan ake cinyewa. Ka taho a guje, ka ɗan ɗaga ƙafa, ka sauko da giya, ka bar bayan motar ya ɗan ja gefe, sannan ka taka. In ka dace, sai ka ji mota ta manne da hanya ta harba ka gaba, guɗar mata ta biyo ka. A wannan ɗan lokaci ni ba siririn ɗan gidan ƙato ba ne. Ba wanda ya kai ni iya kwanar nan, sai fa mutumin Ƙonni in ya tashi da ƙafar dama.

Mu direbobi muna da aiki guda da ba ma wasa da shi. Kowace Lahadi da hantsi mukan ɗauki tsintsiya mu share kwaltar tas, musamman kwanar baya. Mun san rairayi ko cikin tafi ne, in ya shiga tsakanin taya da kwalta, to mota ba taka ba ce kuma. Mutanen gari suna ganinmu muna shara, sun ɗauka tsafta ce irin ta masu aikin Bature.

Na yi ta aika Inna wurin Baba ta roƙe shi ya zo kallo. Yakan ce mata shi ba yaro ba ne. Abin da roƙo bai yi ba, sai gori ya yi. Wata Lahadi mutumin Ƙonni ya cinye ni, makaɗa suka juya suna cewa Ƙonni ta ka da Illela, maganar ta kai Kalmalo kafin magariba. Washegari da safe sai ga Baba a tasha, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in kai shi ya ga wurin.

Muka je. Ya tsaya a kan kwaltar, ya cire takalmi, ya doka diddige a kai. Ya matsa gaba ya sake dokawa. Ya bi ta da ƙafa har kwanar baya, ina biye da shi. Can ya juyo.

“Bisa wanga dutsi kuke karawa?”

Na ce, “I, Baba.”

“Wa ka gyara muku fage?”

Na ce mu muke sharewa da kanmu.

Ya dube ni, ya girgiza kai, ya sa takalminsa. Har ya yi nisa ya waiwayo ya ce, “Lahadi ina tahowa.”

Makon nan ban san yadda na yi shi ba don murna. Na wanke mota, na duba birki, na sake dubawa. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarena, har da waɗanda ba su tambaya ba. Ranar Lahadi muka yi shararmu da hantsi kamar kullum, muka koma tasha wajen lodi da sauke kaya, ba mu sake waiwayar kwalta ba har la'asar. Sauran direbobi suka ce tun da tsoho zai zo, ni zan fara shiga. Mutumin Ƙonni ma ya dafa kafaɗata ya ce yau ya bar mini.

Abin da ya faru a bayanmu, daga baya na ji shi. Bayan azahar Baba ya iso da jakuna ɗauke da mangaloli cike da rairayin bakin tafkin Kalmalo, mai laushi, wanda ya tankaɗe da hannunsa ya fid da tsakuwa. A duniyarsa ba a haɗa maza su kara a kan ƙasa mai tauri. Duk fagen da ya sani sai an zuba masa rairayi, don wanda ya sha kaye ya tashi da ƙashinsa lafiya, kuma wannan aikin manya ne, ba a bar wa 'yan wasa. Ya tambayi 'yan kallo inda ya fi haɗari, suka nuna masa kwanar baya. Ya zuba, ya baje shi da kyau daga wannan gefe zuwa wancan, ya tara sauran tuli guda a bakin hanya. Mutane suka taya shi. Wa zai ga tsohon ƙato na gyaran fage ya tsaya kallo? Har cewa aka yi sai yau wasan nan ya samu mai shi.

Na hau mota, aka murza mata hannun ta da injin ta tashi. Na leƙa cikin taro ban gan shi ba, aka ce yana kwanar baya yana jirana. Na ce madalla, gara can. Mai ƙorai ya saki ƙoƙo, na taka.

Ban taɓa shiga miƙaƙƙen wurin nan da gudu irin na ranar ba. Ganguna na tashi, iska na dukan fuskata, ina ta faɗa a raina yau zai gani, yau zai gani. Na wuce kusurwar rumfa na ɗaga ƙafa zan sauko da giya, sai na ga hanya ba baƙa ba ce. Fara ce fat. A gefenta ga Baba tsaye cikin rigar da na ɗinka masa, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama yadda ake yi wa ƙato in ya shigo fage.

Sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar faifai. Na murza, ba ta bi ba. Na taka birki, ta ƙara juyawa. Ta tafi a karkace, mutane na watsewa suna salati, har taya ta faɗa inda kwalta ta ƙare, motar ta tashi ta kife. Ba ta da ƙofa a gefen direba. Ta watso ni waje na faɗa cikin tulin rairayin nan, sannan katakon jikinta ya sauko a kan ƙafata ta dama. Ban suma ba, da ma na suma. Ina gani Baba ya tuɓe riga ya sa kafaɗa ƙarƙashin katako yana yi wa maza tsawa, suka ɗaga aka jawo ni. Allah ya sa ba ta taka kowa ba sai ni.

Kalmalo aka kai ni, wurin maɗori. Kwanakin farko ban san inda kaina yake ba. Da na fara gane mutane, wata safiya Baba ya shigo ya zauna bakin tabarmata. Ya daɗe yana duban ƙafar da aka ɗaure da karare.

Ya ce, “Na gane ka tun da kat taso. Ashe abin naku ba zama ba ne.”

Ya gyara zama ya ci gaba.

“Wanga aiki na maza ne, ni ban sani ba. Allah shi yi ma albarka, kai da motarka. In ka warke ka koma, kar ka ji tsoro. Ni ka gyara ma fage duk Lahadi.” Ya ɗan yi murmushi. “Ka ga amfanin rairai. Da bisa dutsin nan kaf faɗi, da yanzu muna zaman makoki.”

Shekara da shekaru ina jiran kalmar nan, ga ta ta zo. Na juya fuskata bango na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da katako ke kaina. Shi ya ɗauka zafin ƙafa ne, ya yi ta cewa in yi haƙuri, ƙashi na ɗoruwa.

Bai ɗoru ba. Ƙafar ta kumbura ta fara wari, aka ɗauke ni zuwa Sakkwato a bayan motar wani, a kan buhunan gyaɗa, ina jin kowace gargada a cikin ɓargona. Likita ya yanke ta sama da gwiwa. Da na dawo na tarar Bature ya hana tseren, ya sa an gicciya itace a kan kwaltar ran kasuwa. Maigidana ya zo ya duba ni sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce, ya nemi wani direba. Ban ga laifinsa ba.

Mutumin Ƙonni ya zo gaishe ni, ya tarar da Baba na ba baƙi labari a zaure: yadda ya doka diddige ya ji dutse, yadda ya tankaɗe rairayi, yadda ɗansa ya faɗa a kai ya rayu. Baƙi na ta cewa Allah ya saka wa tsoho. Na ga fuskar mutumin ta canja, ya gyara zama ya ce, “Baba, ai shi wanga rairai...” Na kama wuyan hannunsa na matse iya ƙarfina. Ya dube ni, ya haɗiye sauran, ya ce, “Rairai ne mai kyau.” Da zai tafi na sa ya rantse, na kuma ce ya faɗa wa sauran direbobi duk wanda ya buɗe baki ban yafe ba. Sun riƙe mini amana. Daga baya motoci suka yi yawa, mutane da dama suka gane da kansu, amma zuwa lokacin Baba ya tsufa tukuf, babu mai zuciyar da zai faɗa masa.

Ni kuwa na koma tasha, tun da ban san wani wuri ba. Na kafa faifan goro inda nake jin tashin injin. Daga zaune nakan gane motar da ke shan mai da wadda birkinta ya kusa mutuwa, ba mai tambayata. Kwaltar nan ta tsattsage, damina ta cinye gefenta, awaki suka mai da ita wurin kwanciya. Wani lokaci har yau nakan ji ƙafar da babu tana neman totur. Ba na jin haushin Baba, na nemi haushin a raina ban samu ba. Abin da na samu ya fi haushi nauyi, don shi haushi aƙalla akwai wanda za ka sauke wa.

Na ɗauka shiruna ya saya masa kwanciyar hankali. A shekararsa ta ƙarshe, yana kwance ba ya iya fita, na je Kalmalo da hantsi na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Ya miƙo hannu ya lalubi dungun ƙafata ya riƙe.

Ya ce, “Akwai abin da ka damuna, ban taɓa faɗa ma ba.”

Na dakata da fifitar. Na ce, “Mi ne ne, Baba?”

“Ran nan jakkai sun gaji, rana kuma ta yi. Na so in koma tabki in ƙaro rairai, sai nic ce wanga ya isa. Ƙiwuya ce, ba wani abu ba. Da na cika wurin nan duka, da motar ta kwanta bisa taushi, da ƙafarka na nan.” Hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. “Tun ran da anka yanke ta ban yi barci mai daɗi ba. Ka yafe mini.”

Na buɗe baki. In na ce masa ƙari ba zai hana komai ba, zai tambayi dalili, kuma Baba ba ya barin tambaya a rabi. Ina da magana guda da za ta sauke masa wannan kaya, amma wanda za ta ɗora masa ya fi shi.

Na ce, “Na yafe, Baba.”

Ya girgiza kai, bai saki dungun ba. Ya ce, “Kaɗan ya rage. Da na koma sau guda.”

Ya rasu kafin a yanke gero, yana ganin laifinsa a duniya shi ne bai zuba da yawa ba.